Guba a Famfon Unguwa

Tun kafin hantsi labari ya game unguwar da ke bayan unguwar Hajara, can gefen garin Sabha na Libiya inda kwalta ke ƙarewa. An ce an fasa kwaɗon shaton ruwa, babban tankin nan na sama da ke shayar da unguwa, an zuba wa mutane guba. Yara sun kwana suna amai da gudawa. An kwashi wasu zuwa asibitin cikin gari a bayan mota, wata tsohuwa kuma an ce ko asibitin ba ta kai ba. Wanda ake zargi ba a sha wahalar nemansa ba, don a gindin shaton yake kwana. Nasirou ne, ɗan Nijar ɗin da hukumar ruwan unguwar ta ɗauka gadi.

Hassoumi, yayan Nasirou, yana ban-ruwa a gonar wani Balarabe aka kira shi a waya. Ya yar da shebur ya zuba a guje.

A gida, can wajen Tanout, Hassoumi mai bin sawu ne. In raƙumi ya ɓata ko ɓarawo ya kore awaki, shi ake ɗaukowa, ya durƙusa ya dubi ƙasa ya ce ga inda aka nufa. Amma tun da ya shigo Libiya bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ga abin da ke samun baƙon da ya cika lura da abubuwa.

Ya tarar da tashar ruwan cike da jama'a. An ɗaure Nasirou a jikin ƙarfen shato, idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓensa ya fashe. A gabansa Hudaifa ne tsaye, shugaban samarin da ke tsaron unguwar, da bindiga rataye a kafaɗa da jajayen idanu.

"Yaya," in ji Nasirou da ƙyar, "wallahi ban zuba komai ba. Ni ma ruwan nan nake sha."

Hudaifa ya juyo. Ya yi magana da Larabci, a hankali, abin da ya fi ihu ban tsoro. "Kai ne ɗan'uwansa? 'Yata Khaula tana asibiti, an ɗaura mata ruwa a hannu, ba ta gane uwarta ba. Ka faɗa masa ya gaya mini abin da ya zuba, ko likita ya san maganin da zai ba ta."

Hassoumi ya matso gaba. Ya ji bakinsa yana faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa. "Ranka ya daɗe, ni mai bin sawu ne. Ka ba ni yinin nan. In ƙanena ne, ni zan faɗa maka da bakina."

Samarin suka yi dariya. Sai wani siririn mutum mai tabarau ya matso, Muhandis Farouk, wanda ke kula da injinan tashar. Ya ce, "Hudaifa, na gwada ruwan cikin shato, lafiyarsa lau. Ka bar mutumin nan ya duba. Me za ka rasa?"

"An zuba ne ya wuce cikin bututu," Hudaifa ya daka masa tsawa. Ya daɗe yana kallon Hassoumi, sannan ya nuna sama da bakin bindiga. "In aka kira magariba ba ka kawo mini mutum ba, wannan zan sa a mota. Kada ka tambaye ni inda zan kai shi."

*

Gaban shaton ba abin karantawa, jama'a sun tattake komai. Hassoumi ya zagaya bayan shingen waya, inda ba wanda ya taka. Nan ya ga sawun babbar mota ta yo baya-baya har gindin tsani, tayarta ɗaya ta baya ta suɗe. Kusa da ita ga sawun takalmin taya, na mutum mai nauyi, ƙafar hagu tana buɗewa waje kamar ta agwagwa. Ya san mai wannan tafiyar.

Bai kai bakin titi ba aka riƙo masa hannu. Alhaji Zulkifli ne, mai shago a unguwar Mahdiya, wanda 'yan Nijar na wannan gefen suka ɗauka uba. Shi ke sama wa baƙo ɗaki, shi ke zuwa belin wanda aka kama, shi ke aika taliya da tumatirin gwangwani kudu. Farar jallabiyarsa sai ƙamshi take.

"Malam Hassoumi, zo mu yi magana irin ta gida," ya ce, ya ja shi inuwa. "Me ya kai ka? Ka san mutanen nan. Yau ɗaya suka riƙe. In ka tona ka tona ka fusata su, gobe dukanmu za su kwashe, mata da yara."

"Alhaji, ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na sani, na sani. Ka bar mini. Ina da mutane a sama, ko an tafi da shi zan nemo shi. Kai dai koma gonarka ka yi shiru."

"In an tafi da shi, gawarsa za ka nemo?"

Alhaji ya ja carbi, ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kana da zafin kai. Allah ya sa kada ya ƙone ka."

*

Mai wannan tafiyar, Kimba, yana ƙarƙashin motarsa ta dakon ruwa a wani gareji a Mahdiya, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Hassoumi ya dubi ta hagun, ya dubi tayar baya, ya ja shi waje ta idon sawu.

"Kai, kai! Wane ɗan iska..." Kimba ya ga ko wane ne, ya yi tsit. Bazabarme ne, Hausarsa ta kasuwa ce.

"Kai ka fasa kwaɗon shato."

"Ni? Ni bai je can ba. Mota ya lalace tun jiya."

"Mota ta lalace, amma ta yi baya-baya har gindin tsani? Kimba, duk Sabha ba mai tafiyar agwagwa sai kai. Za su kashe Nasirou da magariba."

Kimba ya zauna daɓas a kan ƙasa, ya dafe kai. "Wallahi tallahi ni ɗauka kawai, ba zuba ba. Jiya kuran, wutar lantarki, ya tafi tun safe, rijiyar da ni ke cika babu inji. Masu gini suna jira, suna zagi uwana. Nasirou ya tafi masallaci, ni fasa, ni sa tiyo, ni cika, ni gudu. Shi ke nan."

"Tankin nan ba ka taɓa dakon man gazuwal da shi ba?"

"Haba! Buɗe ka sunsuna." Ya miƙe ya murɗa famfon bayan motar, ya tara hannu ya kwankwaɗa, ya ƙara. "Ka gani? Ni sha, masu gini sha, yaran makwabta sha. Ko tusa babu wanda ya yi."

Hassoumi ya tara hannu shi ma ya ɗanɗana. Ruwa ne mai daɗi, da ɗan warin maganin da hukuma ke sawa. Ya samu wanda ya fasa kwaɗo, amma bai samu guba ba. In ya kai Kimba gaban Hudaifa, ya musanya rai da rai ne kawai, kuma yara za su ci gaba da kwanciya.

"Da la'asar ka zo unguwar da motarka," ya ce. "In ka gudu, zan bi ka har Agadez."

*

Hassoumi ya koma tashar. Nasirou ya sunkuyar da kai cikin rana, wani saurayi yana zungurarsa da ƙafa don ya ga ko ya suma. Hassoumi ya kau da ido, ya shiga ɗakin inji wajen Muhandis Farouk.

"In ba a shato aka zuba ba, a ina za a zuba?"

Farouk ya cire tabarau ya goge gumi. "Tun safe tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Na rufe ruwan unguwa gaba ɗaya. Ka sani, in ba ƙanenka ba ne, ni za su juyo wa." Ya leƙa ta taga ya nuna. "Babban bututu daga nan ya tashi, ya bi gefen titi, ya wuce tsohon sito, ya gangara gidajen kwari. A binne yake. Ba mai iya zuba abu a ciki sai ya huda shi."

Hassoumi ya fita ya bi titin. Ba ranar da baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofar Balarabe ya tambayi lafiyar iyali ba ce, don haka ƙasa da katanga ya tambaya. Gidajen kusa da shato shiru, ƙofofinsu tsaf, ga sawun yara sun fita wasa sun dawo. Ya yi ta tafiya. Da ya wuce tsohon siton sai abin ya sake. A kan kowace katanga an shanya katifa da zanen gado da aka wanke. A bakin ƙofofi an barbaɗa yashi a kan amai, ƙudaje sun yi baƙi. Ga sawun motoci sun fita da gudu har sun kwashe ƙasa. Daga sito zuwa kwari, kusan ba gidan da ya tsira. Daga sito zuwa shato, ko ɗaya bai gani ba.

Ya dawo ya tsaya a gaban siton. Dogon gini ne na bulo, ba taga sai ƙananan ramuka can sama, da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Kowa ya san Alhaji Zulkifli ke ajiye kaya a ciki. Hassoumi ya waiga hagu da dama, ya zagaya baya.

Abin da ya gani ya sa ya tsaya cak. Lungu ne da ba mai bi, cike da leda da gwangwanaye, amma a tsakiyarsa an share wuri fes. Kuma ba sharar buroshi mai dogon mariƙi irin na mutanen ƙasar ba ce. Sharar tsintsiya ce, ta wadda ta sunkuya. An ja hagu an ja dama, zane kan zane kamar ɓawon kifi, mai sharar tana ja da baya tana cinye sawunta, sannan ta tattara ƙurar ta tara a kusurwa. Haka uwarsa ke share tsakar gida kowace safiya. Wanda ya sa a yi sharar ya so a ɓatar da sawu ne, amma hannun da ya yi ta bai iya sharar banza ba.

Ya durƙusa ya danna ƙasar da yatsa. Ta lotsa, da danshi. Ya tona da hannu biyu kamar kare, bai yi nisa ba ya taɓo babban bututun. An huda shi, an cusa baƙin tiyo, an naɗe mahaɗar da robar taya. Tiyon ya nutse ya shige ƙarƙashin katangar sito.

Sai ya ji tari daga cikin ginin.

Ya ƙame. Wani tarin ya biyo, na mace. Sannan wata murya can ƙasa-ƙasa tana nishi, wata tana cewa a yi shiru. Taliya ba ta tari. Ya mayar da ƙasar da sauri, yana jin kamar an saita masa bindiga a ƙeya.

A inda sharar ta ƙare ya samu abin da yake nema: sawun silifas na mace, ya nutse sosai wajen zuwa, ya yi sauƙi wajen komawa. A gefensa tururuwa sun yi layi a kan ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa.

*

Sawun ya kai shi wata rumfar kwano a bakin Hajara, inda Talatou ke sayar wa leburori shinkafa da wake. Mace ce mai yawan raha a da, 'yar wajen Tessaoua, amma kwanan nan ta rame ta daina dariya. Tukwane biyu ne a kan wuta. Ɗaya ta masu saye, ɗaya kuma ƙatuwa ce da za ta ciyar da gidan biki. A jikin rumfar an jingine tsintsiyar kaba.

"Sannu da aiki, Talatou."

"Yawwa, Malam Hassoumi. Na ji abin da ya samu Nasirou. Allah ya fid da shi." Ba ta ɗago ba.

"Amin. Wannan babbar tukunyar ta wa ce?"

Ludayin ya tsaya a hannunta. "Ta masu gini."

"Masu ginin da ke bayan sito?" Ya tsuguna kusa da ita, ya rage murya. "'Yar'uwa, na ga shararki. Ko a Tessaoua aka yi ta sai a yaba."

Ludayin ya faɗi cikin toka. Ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye suka zubo. "Don girman Allah ka tashi ka tafi. In aka gan ka nan na mutu."

"Su wane ne a ciki?"

"Matafiya ne. Masu son haurawa Turabulus. Alhaji ya karɓe su daga hannun direbobi ya kulle, sai danginsu sun fanshe su." Ta ja numfashi. "Ousseina tana ciki. 'Yata. Ya ce in na dafa na kai, na yi shiru, zai sake mini ita. Da suka fara mutuwa da ƙishirwa ya sa aka jawo ruwa. Ya ce in share wurin. Ni ban san zai taɓa yaran mutane ba, wallahi ban sani ba."

"Tiyon, a ina bakinsa yake a ciki?"

"A kwarami. Wani rami ne na siminti a tsakar siton. Nan suke wanka, nan suke wanke bokitin bayan gida, da yawansu ma ciki ya ɓaci. A ciki ake barinsa a buɗe, don ba a san sa'ar da ruwa zai zo ba."

Hassoumi ya dubi rana. Ta karkata. Ya san in ya buɗe baki, Talatou da 'yarta suna iya hallaka, kuma Larabawan unguwa za su ji cewa daga hannun 'yan Nijar cutar ta fito. In ya yi shiru, Nasirou ya tafi.

"Ki zo sito bayan la'asar," ya ce. "Ba sai kin ce komai ba. Ki tsaya kusa da ƙofa kawai."

*

Hassoumi ya koma wajen Muhandis Farouk, wanda ya saurare shi har ƙarshe, fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "La haula," ya ɗauki waya ya kira Hudaifa da kansa.

Bayan la'asar lungun sito ya cika. Hudaifa ya zo da samarinsa, Nasirou yana kwance a ɗaure a bayan motarsu. Kimba ya faka tankarsa nesa kaɗan, bai kashe inji ba. Talatou ta raɓe a jikin katanga. Alhaji Zulkifli ya iso a ƙarshe, an ce masa Hudaifa ke nemansa a matsayin babban 'yan Nijar. Da ya ga inda aka taru, carbinsa ya daina motsi.

"Ina mutumin?" in ji Hudaifa.

Hassoumi ya nuna Kimba da hannu. "Kwaɗon shato, wancan ya fasa shi."

Bindigogi suka juya kan Kimba. Ya ɗaga hannuwa sama yana salati da Zabarmanci.

"Ruwa ya sata, bai zuba komai ba," Hassoumi ya yi saurin cewa. "Ruwan yana cikin motarsa, ya sha a gabana, na sha. Ranka ya daɗe, gidanka a kwari yake, ko ba haka ba? Gidan mahaifinka fa?"

"Kusa da shato."

"Akwai wanda ya kwanta a can?"

Hudaifa ya dubi samarinsa. Wani daga cikin samarin ya ce, "Mu ma lafiya lau a gidanmu." Aka fara ƙus-ƙus.

"In a shato aka zuba, da su za su fara sha," in ji Hassoumi. Ya durƙusa a tsakiyar sharar ya tona, ya jawo baƙin tiyon sama kowa ya gani.

Farouk ya tsuguna ya duba mahaɗar, ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Jiya an yini ba wuta, injin ya tsaya. In injin ya tsaya, ruwan da ke cikin bututu sai ya gangara kwari, yana tafe yana zuƙo duk abin da ya samu ta kowace kafa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. In bakin tiyon nan yana cikin ƙazanta, to ƙazantar ce ta shiga. Da wuta ta dawo, injin ya tura ta gidajenku. Hudaifa, ka kira likita yanzu. Ka ce masa ba guba ba ce, ruwan bayan gida yarinyar ta sha."

"Wane mahaukaci ne zai bar tiyo a buɗe cikin rami?" wani dattijo ya tambaya.

Wannan ce tambayar da Hassoumi ke tsoro. Ya ji idanu a kansa ta ko'ina. "Mu," ya ce. "A garuruwanmu famfo sai ya ga dama yake zuwa. Kowa buɗe shi yake ya jefa tiyo a tukunya ko a rami, ya tafi harkarsa. Amma wanda ya huda bututun nan mutum ɗaya ne, kuma makullin ginin nan yana aljihunsa."

Alhaji Zulkifli ya yi dariya, ya buɗe hannuwa. "Ya Hudaifa, ka san ni. Taliya ce a ciki da tumatir. Wataƙila leburori ne suka yi wannan ɓarnar ban sani ba. Mutumin nan ƙanensa yake son ya fitar, zai iya laƙa wa kowa." Ya juyo kan Hassoumi da Hausa, yana murmushi kamar mai gaisuwa. "Kai, ɗan talakawa, ka san kabarin da kake haƙa?"

Hudaifa yana duban wannan yana duban wancan. Rana ta yi ja a kan katanga. Hassoumi ya ga hannunsa ya koma kan bindiga, ya ga maganar Alhaji ta fara shigarsa.

Sai Talatou ta rabu da katanga. Ta taka zuwa ƙofar ƙarfen, ta ɗaga hannu biyu ta buga da dukkan ƙarfinta.

"Ousseina! Ousseina, Inna ce! Ki amsa!"

Can daga ciki wata siririyar murya ta ce, "Inna?" Sai ginin gaba ɗaya ya ɗauka. Ana dukan ƙofa, ana kuka, ana kiran Allah da Hausa da harsunan da Hassoumi bai taɓa ji ba.

Hudaifa bai nemi makulli ba. Harsashi ɗaya ya sa wa kwaɗon.

Warin da ya fito ya kori na gaba-gaba baya, wasu suka toshe hanci da rawani. Mutane suka fara fitowa suna kare ido daga haske, wasu da rarrafe, wasu an riƙo su. A tsakar siton ga kwaramin, baƙi ƙirin, da bakin tiyo nutse a ciki. Talatou ta kutsa ta fito rungume da wata yarinya da ba ta fi kara kauri ba.

Samari biyu suka danne Alhaji Zulkifli a ƙasa, farar jallabiyar ta sha turɓaya. Hudaifa ya ɗora masa bakin bindiga a wuya. Amma Alhaji bai yi kuka ba, bai roƙa ba. Ya ce Hudaifa ya sunkuyo, ya raɗa masa wani suna a kunne.

Hassoumi bai ji sunan ba. Fuskar Hudaifa kawai ya gani. Mutumin da tun safe unguwa ke rawar jiki a gabansa ya miƙe a hankali, ya waiga bakin titi, ya lashi leɓe.

"Ku sa shi a mota," ya ce wa samarinsa, murya ƙasa. Sannan ya zaro wuƙa ya nufi inda Nasirou yake kwance. Hudaifa ya sunkuya ya yanke igiyar hannu, ya yanke ta ƙafa.

Bai ba da haƙuri ba. Ya matso dab da Hassoumi har suna jin numfashin juna. "Siton nan ba nasa ba ne, shi ɗan aike ne. Masu shi za su ji kafin a yi isha, kuma ni ba zan iya tare muku su ba. Ka ɗauki ɗan'uwanka da matar nan da 'yarta. Kada ku koma ɗakunanku ɗaukar komai."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya kara a kunne da sauri, ya juya baya yana cewa, "Likita, saurara, ba guba ba ce..."

Hassoumi ya ciccibi Nasirou ya goya shi. Jikinsa zafi rau, ƙafafunsa suna reto. Matafiyan da ke iya tafiya tuni suka fara watsewa cikin lunguna, Farouk yana ta kiran motar asibiti saboda sauran. Daga masallacin kwari ladan ya ɗaga murya.

Kimba ya matso da tankarsa, ya buɗe ƙofa tun kafin ta tsaya. "Shiga, shiga! Inna, miƙo yarinya. Wallahi yau ni ga abin da ya fi ƙarfin Bazabarme."

Suka cusu a gaba su biyar, Ousseina a cinyar uwarta, kan Nasirou a kafaɗar yayansa. Motar ta yi tari ta ɗauki hanyar kudu. Hassoumi bai cire ido daga madubin gefe ba, yana duban kowace fitila da ta ɓullo a bayansu.

Nasirou ya buɗe idonsa mai lafiya. "Yaya, sun yarda ba ni ba ne?"

"Sun yarda."

"To ina za mu?"

A madubi wata mota ta fito daga kwanar Hajara, ta kunna manyan fitilu. Hassoumi ya ƙanƙame ƙanensa.

"Kimba," ya ce, "taka ta."